Gwaji na Goma Sha Bakwai

Shekara uku na yi a Abuja ba ni da wani aiki sai zare filogi daga soket. Duk wanda na gaya wa haka a cikinku sai ya yi murmushi, irin wanda kuke yi idan na ce a koma a fara gwaji daga farko saboda an taɓa layi guda a cikin manhaja. Na san abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai aikin gwaji aikin wanda ya kasa rubuta manhaja ne: a danna maɓalli, a fita a sha shayi, a dawo a tarar da kore ya cika allo, a rattaba hannu. To, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don ba labarin dariya zan ba ku ba.

Na sauka garin nan daga Zariya jim kaɗan bayan sojoji sun koma bariki. Lokaci ne da ko'ina ka duba gini ake yi, wayar hannu ta shigo, kuma kowane ofis yana son kwamfuta ko da ba a san abin da za a yi da ita ba. Wanda ya ɗauke ni aiki shi ne Oga Bitrus, mutumin ƙasar Filato, dogo, marar yawan magana. Yana da ɗaki biyu a saman wani shagon atamfa a Karu. Abin da muke yi shi ne mu haɗa wa ƙananan ofisoshi akwatin ajiya, wato kwamfutar da ba ta da aiki sai riƙe fayilolin mutane, mu gyara mata manhaja ta dace da irin wutarmu, mu gwada, mu kai musu. Ranar da na fara na zo da takardun makaranta a cikin ambulan. Bai buɗe ba. Ya nuna mini soket ya ce, “Haladu, kujeranka ke nan.”

Bari in bayyana muku abin da ake gwadawa yadda shi ya bayyana mini, don na lura wasunku sun haddace sunayen amma ba su ga hoton abin ba. Ajiye fayil a diski ba aiki ɗaya ba ne, uku ne. A ware masa wuri, a zuba abin da ke cikinsa, sannan a rubuta sunansa da inda yake a rajista. Idan wuta ta ɗauke a tsakanin ukun nan, an shiga uku. A da, in haka ta faru, sai inji ya bi diskin gabaki ɗaya yana lalube, rabin yini ma'aikata na zaune suna hamma. Sai aka zo da abin da muke kira jonal. Ɗan littafi ne a cikin diskin, inda inji yake rubuta niyyarsa kafin ya yi aiki, ya yi aikin, sannan ya soke. In wuta ta dawo, littafin kawai zai duba, ya ƙarasa abin da ya cika, ya watsar da wanda bai cika ba. Cikin minti ɗaya ya tashi yana ce maka komai lafiya. Aikinmu shi ne mu gano ko gaskiya yake faɗa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tsohuwar kwamfuta da aka cire wa marfi, fanka a tsaye tana hura mata iska, wata kwamfutar a gefe mai riƙe kwafin kowane fayil wadda ba a taɓa kashe ta, agogon tebur mai hannun daƙiƙa, da ƙwayoyin lido guda biyu. Ƙwayoyin nan su ne abin da ya fi ba ni mamaki. Oga Bitrus ya ce hannun mutum yana da ɗabi'a, in ka bar shi kullum a daƙiƙa ɗaya zai riƙa zare filogin bai sani ba, ita kuwa wutar gari ba ta da ɗabi'a. Saboda haka sai a jefa lido, abin da ya fito a ƙirga daƙiƙoƙi, a zare. Wata rana Alhajin da ke shagon ƙasa, Bakatsine, ya hau ya same ni ina jefawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Subhanallahi! Ɗan Zazzau, caca ka zo yi Abuja?” Na yi bayani har na gaji, bai gamsu ba. Ya daɗe yana amsa sallamata a ciki.

Babban kayan aikin kuwa littafi ne mai baƙin bango. A shafinsa na farko an jera gwaje-gwaje ashirin da uku da hannun Oga, kuma babu ɗaya da ya zauna ya ƙirƙiro don nishaɗi. Kowanne akwai wanda ya yi kuka kafin a rubuta shi. Na huɗu na wani mai kantin magani ne da diskinsa ya cika maƙil ana tsakiyar rubutu. Na tara na mai ɗaukar hoto ne da ya sauya wa babban fayil suna daidai lokacin da janareta ya shaƙe, hotunan bikin mutane suka tafi, ya yi wata biyu yana bin bayan layi zuwa shagonsa. Dokar ita ce: ko waƙafi aka canza a manhaja, a koma kan na ɗaya a bi su duka, a sa alama a gefen kowanne, a rubuta suna a ƙasa. Na taɓa tambayarsa amfanin maimaita abin da ya wuce lafiya makon jiya. Ya ce, “Matsala ba ya mutuwa, Haladu. Barci yake yi. Kai ka gyara nan, shi ya tashi a can.”

Na goma sha bakwai shi ne wanda kowa ya tsana. Sauran suna duba ko inji ya tashi, ko sunayen fayiloli suna nan, ko girmansu daidai ne, ko manhajar bincike ta ce rajista ba ta da tangarɗa. Shi kaɗai yake kwance bakin buhu ya ga abin da ke ciki. Sai a cika diski da tsofaffin fayiloli, a goge su, a fara rubuta sababbi, a zare filogi ana cikin rubutun, a tayar, a sake, a sake, har hannu ya yi kanta. Daga nan a ɗauki kowane fayil a gwama shi da kwafinsa harafi da harafi. Kwana uku cur yake ci, sauran ashirin da biyun duka kwana biyu. A shekara ukun da na yi ina yin sa, ko sau ɗaya bai taɓa nuna matsala ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Masu kawo mana aiki kuwa, duk bakinsu ɗaya. Lauya ne, mai makaranta ne, mai asibiti ne, abin da zai fara ce maka shi ne, “Ni dai ban taɓa komai ba.” Sai ka je ka tarar an jingina akwatin da taga ruwa na feshe shi, ko an ɗora masa kular abinci, ko an lulluɓe shi da sallaya don kada ya yi ƙura har ya kusa dahuwa. Ban cika ganin laifinsu ba. Su abin da suka sani shi ne mun ce an gwada. Kalmar nan ita suke saya a wurinmu, ba ƙarfen ba.

Aikin da ya kawo muguwar shekarata na wata ƙungiyar ma'aikata ne a Kurudu. Tun wurin yana gonaki suka samu fili babba suka yanka wa 'yan ƙungiya, kowa aka ba shi takarda, kwafinta kuma yana ofis a cikin fayil mai lambar filin. Ofishin ɗaki biyu ne, rufin yana zuba, gara ta shiga kabad. Suka yanke shawarar a ɗauki hoton kowace takarda da sikana a zuba a kwamfuta. Muka haɗa musu akwati, muka haɗa da akwatin batir wanda in wuta ta ɗauke zai riƙe injin har ya kashe kansa cikin natsuwa. Muka gwada duka ashirin da ukun, muka kai. Ba a yi mako biyu ba Sakataren ƙungiyar ya fara kira. Inji yana da nauyi, in akawu ta ɗauki shafi ɗaya sai ta zauna jira kafin ta ɗauki na biyu, ga shi sun sa ranar buɗewa, an gayyaci manyan baƙi, an yi hayar rumfa.

A daidai lokacin mahaifin Oga Bitrus ya rasu, ya tafi gida jana'iza, kuma irin tasu ba a gama ta a kwana biyu. Ni kaɗai ne a shago. Na san maganin nauyin. Akwai wani saiti da in ka canza, jonal zai daina jiran abin da ke cikin fayil ya sauka a diski kafin ya rubuta suna da wuri a rajista. Sai ya rubuta sunan nan take, cikin ya biyo baya in an samu sarari. Inji ya yi sauri kamar an sauke masa kaya. Na kira Oga, layin yana yankewa, ana jin waƙar coci a bayansa. Ya ce, “Yi shi. Amma ka bi littafi duka. Duka fa, Haladu.” Na ce to, Oga.

Ranar Laraba ce, buɗewa kuma Asabar. Na bi ashirin da biyu, duk suka wuce lafiya. Da na zo kan na goma sha bakwai na tsaya da biro a hannu. Ba mantawa na yi ba, kuma ba wanda ya tilasta mini. Lissafi na yi irin na mai wayo. Na ce shekara uku gwajin nan bai taɓa kama komai ba. Na ce ai akwai akwatin batir, wuta ba za ta taɓa yanke wa injin nan kai tsaye ba. Abin da ban ce wa kaina ba shi ne, shekara ukun nan bai kama komai ba ne don ba wanda ya taɓa abin da yake gadi, ni kuma ranar na taɓa shi. Na sa alama a gefensa kamar sauran, na rubuta sunana. Na buga takarda mai cewa an gwada akwatin nan an same shi lafiya, na sa hannu da hatimin shago. Ranar Asabar aka yanka kirtani, aka tafa, aka raba lemo.

An fi shekara ban ji komai ba. Wata Talata da hantsi na ji ana hawa matakala a hankali, ana hutawa. Tsohuwa ce ta shigo, gajeriya, da ɗankwalin zumuntar matan coci, ta rungume leda a ƙirji. Ta ce sunanta Saratu, ta yi ritaya daga aikin shara a wata ma'aikata, kuma an ce mata nan ne wurin masu inji. Na ba ta kujera. Ta kwance ledar, cikinta wata ledar, cikinta takardar fili mai hatimin ƙungiya da sunanta ɓaro-ɓaro.

Ta ce, “Ɗana, duba mini. Wannan takarda na ƙarya ne?”

Na ce, “Mama, ni ba masanin takarda ba ne. Me ya faru?”

Abin da ya faru shi ne, tun farko filin wani ɗan kasuwa aka ba, ya ce bai son gefen rafi, aka sauya masa wani, aka soke takardarsa da layi biyu a bayanta, aka ba Mama Saratu. Ta gina ɗaki biyu tana zaune da jikokinta. Yanzu da hanya ta iso wurin, fili ya yi daraja, sai mutumin ya dawo ofis wai a duba masa. Aka buɗe fayil ɗin filin a kwamfuta, sai ga takardarsa, sunansa, hotonsa. Ta kawo tata, kwamiti ya ce takardun bogi sun cika gari, kowa ya san inda ake buga su, amma inji ba ya cin hanci. Sun ba ta zuwa Asabar ta kwashe kayanta.

Na ce, “Ai akwai na asali a kabad ɗin ofis.”

Ta ce, “Sun ƙone. Sun ce gara ya cinye rabi, kuma komai yana cikin inji.”

Na rufe shago muka hau mota zuwa Kurudu. Abin da na fara gani da na shiga ofishin shi ne takardata. An sa ta a firam an rataye a bango sama da kan Sakatare. Na biyu, akwatin batir a ƙarƙashin teburinsa, wayoyin hannu sun kai shida a jikinsa suna caji, nasa da na 'yan kwamiti da na maƙwabta. Akwatin ajiyar kuwa an jona shi da bango kai tsaye. Ina tsaye sai fitila ta yi ja, ta mutu, ta dawo, ta sake mutuwa. Na leƙa waje na ga maigadi, wani dattijo, Malam Iro, a gaban makunnin sauya wuta. Na tambaye shi abin da yake yi. Ya ce, “Leƙa ta nake yi, Injiniya. In aka kawo wuta sai in tura in ga ko mai ƙarfi ce. In rabi ce in mayar kan janareta, kada ta ƙona musu kaya.” Ya ce a yini yakan leƙa ta sau da yawa. Mutumin kirki ne, kuma abin da kowa yake yi a gidansa ya yi.

Akawun da ta ɗauki hotunan ta ƙarasa mini sauran. Ta ce a fayil ɗin takarda, tsohuwar takardar da aka soke takan kasance a sama. Sau da yawa sai ta ɗauke ta, ta juya ta ga sokewar a baya, ta goge, ta ɗauki ta ƙasa, ta mai filin na gaskiya, ta ajiye da lambar filin. Nan take na gane abin da ya faru. Goge fayil ba ya share abin da ke diski, wurin kawai yake saki. Ta goge ta ɗan kasuwa, inji ya ba wa ta Mama Saratu wurin da aka saki, ya rubuta sunan fayil ɗin a rajista nan take kamar yadda na saita shi, kafin hoton nata ya sauka Malam Iro ya leƙa wuta. Da inji ya tashi ya duba jonal, komai ya cika: ga suna, ga wuri, ga girma daidai, don shafi ɗaya ne da shafi ɗaya. Sai ya ce lafiya. Fayil ɗin nata ne, abin da ke ciki na wancan.

Na yi wa Sakatare bayani. Ya saurare ni yana juya makulli a yatsa, sannan ya ɗaga kai ya dubi firam ɗin. Ya ce, “Injiniya, wannan ba hannunka ba ne?” Na ce nawa ne. Ya ce, “To, kwamiti ba ya aiki da zato. Ka kawo abin da ido zai gani. Ciyaman ya yi tafiya, sai Asabar.”

Da na koma Karu na gaya wa Oga Bitrus komai, ban rage ba. Ya ɗauko baƙin littafin ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa a kan alamar da ke gefen na goma sha bakwai. Na so ya zage ni, ko ya ce in tattara in tafi, da ya fi mini sauƙi. Sai ya rubuta wasiƙa zuwa ga kwamiti yana roƙo a dakata da maganar filin, ya ba mai babur ya kai. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini ƙwayoyin lido. Ya ce, “Zauna a kujeranka.”

Laraba muka haɗa inji irin nasu sak, muka cika shi da hotunan takardu, muka goge, muka fara. Ranar ba mu samu abin nunawa ba. Alhamis fayiloli suka fara fitowa a lalace, wani rabinsa toka-toka, wani ya ƙi buɗewa sam. Na kira Sakatare da murna irin ta wawa, ya ce wannan ba shi ba ne, ta matar nan tana buɗewa tsaf, ba ta da ko ɗigo. Gaskiyarsa ne. Muna bukatar takarda cikakkiya a ƙarƙashin sunan da ba nata ba, kuma wannan sai zarewar ta faɗo a ɗan tsakanin nan bayan an goge an sake rubutawa. Ba a yi masa gaggawa. Jefa lido, ƙirga, zare, jira inji ya tashi, gwama. Mama Saratu ta kira sau biyu daga wayar mai rumfar kira a unguwarsu, tana tambaya ko ya fito. Na ce saura kaɗan, Mama.

Ya fito ranar Juma'a bayan la'asar. Fayil mai suna ɗaya, hoto na wani daban, tsaf, babu ko ɗigo. Muka maimaita har muka samu uku. Da safiyar Asabar muka ɗauki injin da fankarsa muka sa a tasi.

Ɗan kasuwar bai jira Asabar ba. Juma'a da azahar, lokacin da mazan layin suka tafi masallaci, ita kuma tana kasuwa, ya kawo katafila da takardar da ofis ya buga masa daga inji. Jikokin aka fitar da su waje da katifa da tukwane. Lokacin da ake ture bangon ina sahu a masallacin Karu, Oga yana zare mini filogi.

Duk da haka mun nuna wa kwamiti. Suka kewaye injin suka gani da idonsu. Ciyaman ya share gumi ya ce in suka karɓi wannan, to kowane fayil da ke akwatin ya zama abin tuhuma, kuma asalin an ƙone, gobe mutum nawa za su taru a ƙofar nan? Sakatare ya ce abin da ya fi, a bar wa kotu. Ya ƙara da cewa mutumin da ya sa hannu ya ce lafiya shi ne yau ya zo ya ce ba lafiya, wanne za a ɗauka? Daga baya mun yi watanni muna bin 'yan ƙungiya gida-gida muna gwama takardun hannunsu da na inji, mun samu wasu da suka lalace, mun gyara kafin a ji su. Labari ya bazu, ofisoshi da dama suka daina kiranmu, Oga ya saki ɗaki ɗaya. Maganar Mama Saratu ta shiga kotu, ana ɗagawa ana ɗagawa, har ta rasu a ɗakin 'yarta a Dutsen Alhaji ba a yanke ba.

Amma ranar Asabar ɗin, da muka fito daga ofis, na taka zuwa filin. Na same ta a kan tarin baraguzai tana ware bulo, masu rai gefe ɗaya, fasassu gefe ɗaya. Ledarta tana ɗaure a ƙugu. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata wasiƙar da na rubuta da hannuna, mai cewa takardarta ce ta gaskiya kuma kuskuren nawa ne. Ba ta iya karatu sosai ba, ta ce in gaya mata da baki. Na gaya mata. Na ce akwai gwajin da ya kamata in yi kafin in kai injin, ban yi ba, na rubuta cewa na yi.

Ta ce, “Ya yi wuya ne, gwajin?”

Na ce, “A'a, Mama. Lokaci yake ci.”

“Kwana nawa?”

Na ce, “Uku.”

Ta dubi bulon da ke hannunta. Ta ce, “Uku.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ni shekara tara na yi ina tara waɗannan. Goma-goma nake sa a buga mini, in lulluɓe da leda kada ruwa ya ci.” Ta naɗe wasiƙar ta sa a leda tare da takardarta. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai, kuma ban san ko in tafi ko in tsaya ba. Sai ta miƙo mini bulon. Ta ce, “Idona ba ya gani sosai. Duba mini ko ya tsage. Ka duba da kyau fa, ɗana. Kai ne mai gwaji.”

Na karɓa na juya shi, na ƙwanƙwasa, na ji amonsa, na ajiye a gefen masu rai. Ta miƙo wani. Haka muka yi har rana ta karkata, Oga Bitrus ya cire rigarsa ya zo yana jera mana. Ba mu tsallake ko ɗaya ba.

Littafin nan da kuke gani a kan kanta shi ne. Na taɓa ɗaukar biro zan soke alamar in rubuta gaskiya a gefe, Oga ya riƙe mini hannu ya ce in bar ta yadda take, duk wanda ya zo koyon aiki a nuna masa. Ku buɗe ku gani, shafi na arba'in da ɗaya, ba ta da bambanci da sauran ashirin da biyun. In kun gama, ƙwayoyin lido suna cikin aljihun tebur, kujerar kuma tana nan kusa da soket.